Kashi Tara Cikin Ɗari

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya a Taminus,
na san batir maƙaryaci:
ya kwana a caji, ya nuna ya cika,
kira ɗaya, ya mutu a hannun mai shi.
Ban san wata rana ni za a shimfiɗe a kan tebur ba.

Zazzaɓi ne ya sauka da damina,
baƙon kwana shida.
Ya tafi, ya bar mini jakarsa.
Wata goma sha huɗu ke nan ina daƙonta.

Nakan yi barci kamar an binne ni,
in farka kamar na kwana fasa dutse a Dutse Uku.
Ran nan na raka Tasi'u bakin titi,
taku ɗari biyu, ban ji komai ba.
Sai washegari da la'asar mai bin bashi ya yi sallama.
Kwana uku ina biya,
cokali ya zama guduma,
sunan 'yata ya ɓace mini a tsakiyar kira.

Maƙwabta suka ce, ga kumatu, ga ƙiba, ciwon me?
Kawu ya ce hannu aka sa,
ya aiko da jiƙo a galan.
Na sha. Ban raina ba.

A asibitin Lamingo suka ɗebi jini har sau biyar.
Ba maleriya, ba taifod,
suga daidai, hanta lafiya, ƙoda lafiya.
Ban taɓa jin haushin farar takarda ba sai ranar.

Likita Kachollom ta cire tabarau ta ajiye.
Ta ce, “Malam Ɗayyabu, na yarda da kai.”
Na sunkuyar da kai, na daɗe ina kallon takalmina.

Ta ce, “Ba mu gama ganewa ba, zato muke.
Wataƙila dakarun jikinka ne,
ƙwayar cutar ta daɗe da gudu,
su ba wanda ya ce musu yaƙi ya ƙare,
suna ta harbi a cikin gida.
Wataƙila ƙananan murahun da ke cikin tsoka ne,
ga itace, ga iska, wutar ta ƙi ruruwa.
Ko jini ke nawa,
ka miƙe, ya yi zamansa a ƙafa,
kai ya tsaya da ƙishi.
Akwai masu leƙen hanji ma, suna ƙirga mazauna ciki.”

Na ce, mu a sana'armu sai mu canza batir.
Ta yi dariya, ba mai yawa ba.
Ta ce, “Wannan ba a kawo shi kasuwa ba tukuna.”

Sai ta miƙo mini littafi mai layi-layi.
Rubuta abin da ka yi, rubuta abin da ya biyo baya.
Tsaya kafin ka gaji, ba bayan ka gaji ba.
Ruwa da yawa, ɗan gishiri tunda jininka bai hau ba.
Ga na ciwon gaɓoɓi, ga na barci.
Duk wanda ya ce ka cije ka yi gudu,
gaishe shi, ka koma ka zauna.

Yanzu ƙarfina nake aunawa
yadda Barira ke auna mangyaɗa a ƙarshen wata.
Wanka ko hira, ɗaya za a zaɓa.
Salla a zaune, Ubangiji ya san gwiwar da ya halitta.
Tasi'u kan kawo waya biyu gida,
in gyara ɗaya, ɗayar ta jira ni.

Kullum da safe Nusaiba kan leƙo,
jakar makaranta a baya:
“Baba, yau kashi nawa?”
In ce tara.
Wata rana in ce ashirin, ta tafi tana tsalle.

Jiya na kai ƙofar gida.
Sanyin Jos ya shafi fuskata kamar ya gane ni,
rana na hawa Dutsen Shere a hankali, ita ma.
Na ji akwai sauran taku goma a ƙafata.
Na dube su,
na juya,
na shigo da su gida.